Azumin 2055 a Sharada: Abin da kwamfuta ta hango mana, da abin da idonta bai kai ba

Ga shirinmu na wannan makon a rubuce, saboda waɗanda data ta yi musu ƙaranci.

Bari in fara da wani ƙanena, ɗan ƙanwar mahaifiyata ne. Yana aiki a wani kamfanin roba a Sharada, ba sai na kama suna ba. Aikinsa tsayuwa ne a gaban injin da ke narka roba, yana zare bokiti da baho suna fitowa da zafinsu. A azumin 2024, wata rana kafin la'asar sai ga shi an kawo shi gida a Adaidaita, abokan aikinsa biyu suna riƙe da shi. Jiri ne ya kwashe shi a bakin aiki. Ba zazzaɓi, ba komai. Sama kwano, gabansa inji, bayan gini janareta, ga baki da azumi.

Bayan an sha ruwa ya dawo hayyacinsa, sai ya ce da ni, "Yaya, kai da ka yi boko, wannan zafin na bana ne kawai ko haka za a ci gaba?" Ni kuma na zuba masa irin amsar da muka saba bayarwa a taruka: sauyin yanayi ne, manyan ƙasashe sun cika sama da hayaƙi. Ya ce, "Na ji. Nawa zai ƙaru? A nan Kano nake nufi." Wallahi sai na kama sosa ƙeya. Shekara nawa ina ɗaga kwali ina rubutu a Facebook, amma ga tambaya mai sauƙi ta ƙure ni. Ita ce ta sa na koma na yi karatu, kuma abin da na samo shi na kawo muku yau.

Kafin nan ku tuna, ba mu kaɗai muka sha wannan ranar ba. Ranar 3 ga Afrilu 2024, a garin Kayes na ƙasar Mali, ma'auni ya nuna digiri 48.5. Masana na ƙungiyar World Weather Attribution sun bincika, suka ce zafi irin wannan ba zai auku ba in ba don ɗumamar da ɗan'adam ya jawo wa duniya ba.

To yaya ake sanin zafin shekara talatin masu zuwa? Na san wani zai rubuto min a ƙasa cewa gobe ta Allah ce. Gaskiya ne, babu ja. Amma manomi in ya ga hadari ya haɗo daga gabas ya kwashe shanyarsa, ba wanda ya ce ya yi duba. Wannan ma haka yake, lissafi ne a kan sababi. Kuma ku bambanta shi da abin da NiMet ke sanarwa cewa jibi za a yi ruwa. Ba wanda zai gaya maka ko za a yi ruwa ranar 10 ga Agusta 2050. Abin da ake nema shi ne halin shekarun gaba ɗaya: bazararsu ta fi tamu zafi da nawa, daminarsu yaya take zuwa.

Ga yadda abin yake. Ka ɗauki duniya ka zana mata gidaje irin na dara, tun daga ƙasa har can sama, har cikin teku. A kowane gida kwamfuta tana riƙe da 'yan lambobi: zafi, laima, ƙarfin iska da inda ta dosa. Sai a ba ta dokokin kimiyya, yadda iska mai zafi ke tashi, yadda ruwa ke zama tururi, yadda hasken rana ke shigowa da yadda hayaƙin kabon ke hana zafi fita. Sai ta riƙa lissafa abin da kowane gida ke miƙa wa maƙwabcinsa, bayan 'yan mintuna ta sake, har ta ci shekara ɗari. Wannan ita ce manhajar yanayi ta duniya. Ba wasan yara ba ne, don a 2021 Syukuro Manabe da Klaus Hasselmann sun sami kyautar Nobel a kan wannan fanni.

Matsalar ita ce girman gidan daran. A yawancin manhajojin duniya, gida ɗaya ya kai kilomita 100 a kowane gefe, wasu ma sun haura 200. Ka aza gida mai kilomita 100 a kan Kano: birni da kewaye, Wudil, Bichi, Kura, Gezawa, Minjibir, duk sun shige ciki, kuma lamba ɗaya za a ba su. Kantin Kwari da gonar dawa a Dawakin Tofa zafinsu ɗaya a wurin wannan kwamfutar. Alhali mu mun san ana tafka ruwa a Hotoro, ka kira abokinka a Rijiyar Zaki ya ce maka rana ake ƙwallawa.

Shi ya sa aka fito da dabarar matso da hasashe kusa, wato a ɗauki abin da babbar manhaja ta faɗa a sauko da shi kan ƙaramin yanki. Hanya biyu ake bi. Ta farko, a yanko yanki ɗaya, a ce Afirka, a zana masa ƙananan gidaje, a ɗora wata manhajar a kansa. Babbar tana ba ta labarin abin da ke shigowa ta bakin iyaka, ita kuma tana lissafa na ciki dalla-dalla. Akwai wani shiri na duniya da ake kira CORDEX, an kafa shi a 2009, wanda ya yi wa Afirka wannan aikin da gidaje masu kimanin kilomita 50, daga baya aka ƙara matsewa zuwa 25. Ɗaya daga cikin manhajojin da ake amfani da su, RegCM, a cibiyar ICTP da ke Trieste ta Italiya ake rainonta, kuma malamanmu na Afirka ta Yamma da yawa a kanta suka yi digirinsu na uku.

Hanya ta biyu ta fi arha, ko da laftof za a iya yin ta, kuma ni tela take tuna min. Ka sayo riga a gwanjo ta yi maka yawa, ka kai wa telan unguwa ya rage maka ita daidai jikinka. Haka ake yi: a ɗauko abin da manhaja ta faɗa a kan shekarun baya, a jera shi da abin da ma'auni ya nuna da gaske a Kano a waɗancan shekarun, a ga inda take yin ƙari da inda take yin ragi, sai a yi amfani da wannan a gyara abin da ta faɗa a kan gaba. Amma ku lura da sharaɗin, don za mu dawo kansa: tela ba ya rage riga sai da awonka a hannu.

Saura abu ɗaya. Kwamfuta ba ta san yawan hayaƙin da China da Amurka da Indiya da Turai za su ƙara saki ba, don wannan shawarar mutane ce. Sai a ba ta hanyoyi daban-daban: in an rage sosai, in an yi tsaka-tsaki, in an ci gaba da ƙona mai da gawayin kwal ba ƙaƙƙautawa. Duk lambar da ka gani a jarida wai "Kano za ta kai kaza a 2080", ka fara tambaya: a kan wace hanya? Wanda bai gaya maka ba, ya ba ka rabin labari.

Yanzu ga amsar ƙanena. A kan zafi, manhajojin bakinsu ɗaya: ƙaruwa zai yi. Rahoton kwamitin IPCC na 2021 ya ce tsakanin 2011 da 2020 duniya ta riga ta fi zamanin kafin masana'antu zafi da kimanin digiri 1.1. Tsakanin 2041 da 2060, a hanyar tsaka-tsaki za a kai wajen digiri 2, a hanyar hayaƙi mai yawa wajen 2.4. Zuwa ƙarshen ƙarni kuwa ratar ta buɗe: 2.7 a ɗaya, 4.4 a ɗayar. Kuma wannan matsakaicin duniya ne, har da teku a ciki. Tudu ya fi teku saurin ɗaukar zafi, mu kuwa muna can tsakiyar tudu, a bakin Sahara. Namu zai ɗara wannan.

Na san digiri ɗaya ko biyu ba ya tsorata kowa a baki. Amma a garin da watan Afrilu ya saba taɓa 40, ƙarin digiri ɗaya ma'anarsa ranakun da a da ake cewa "yau an yi zafi na fitar hankali" su zama ranakun kullum. Sannan dare. Jiki da dare yake hucewa. In daren ma bai sauka ba, ga ba wuta, mutum ya tashi da gajiyar jiya ya koma gaban inji. Hukumar Ƙwadago ta Duniya, ILO, a rahotonta na 2019 ta ƙiyasta cewa zuwa 2030 zafi zai cinye kusan kashi 5 cikin ɗari na awannin aiki a Afirka ta Yamma. Ga ɗan kwantiragin da ake biya da yini, wannan ba lissafin takarda ba ne, kuɗin cefane ne.

Ga wani lissafi da na yi da kaina, ku ma ku gwada. Azumi yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, yana zagayowa cikin kimanin shekara 33. Azumin 2022 ya cinye watan Afrilu kaf. Ke nan wajajen 2055 zai sake faɗowa tsakiyar bazara. Kai mai shekara 25 yau, in Allah ya ja kwana, a lokacin ka haura hamsin, watakila da hawan jini ko ciwon suga. Da wannan jikin za ka yi azumi a Afrilun da ya fi na 2022 zafi. Don haka in an ce "tsakiyar ƙarni", kada ka ɗauka jikoki ake nufi.

A kan ruwan sama kuwa, nan ne ake rigima, kuma nan ne na fi so ku buɗe kunne. Sahel na cikin wuraren da suka fi ba masu wannan ilimi ciwon kai a duniya. Akwai lokacin da wata manhajar Amurka ta ce yankinmu bushewa zai yi sosai, wata ta Japan ta ce a'a, jiƙewa zai yi. Yau mafi yawansu sun karkata ga cewa can yamma, wajajen Senegal, ruwa zai ragu, amma tsakiyar Sahel, inda mu da Nijar muke, jimillar ruwan shekara na iya ƙaruwa, musamman a ƙarshen damina. Karkata na ce, ba yanke hukunci ba. Kuma matso da hasashe kusa ba ya kashe wannan saɓanin. In babbar manhaja ta yi kuskure a kan zafin tekun Atlantika, inda laimar daminarmu take tasowa, ƙaramar za ta gaji kuskuren, ta ƙawata shi da launuka masu kyau. Taswira mai kyau ba ita ce taswira mai gaskiya ba. Shi ya sa duk binciken da ya dogara da manhaja guda ɗaya tak ya ce maka "ruwan Kano zai ƙaru da kashi kaza", ni ba na ɗaukar sa da muhimmanci. Masu aikin ƙwarai tarin manhajoji suke haɗawa, su nuna maka daga ina zuwa ina.

Iyayenmu ma sun ga wannan juyi da idonsu. Shekarun 1950 ruwa ya wadata, aka zo aka sha farin 1972 da 1973, aka sake na 1983 da 1984. A 1988 kuma ruwa ya ɓalle madatsar Bagauda.

Amma akwai abin da aka fi tabbas a kansa fiye da jimilla, shi ne yadda ruwan yake saukowa. Duk digiri ɗaya da iska ta ƙara zafi, tana iya ɗaukar ƙarin laima kimanin kashi 7 cikin ɗari. Gajimare ya fi cika, in ya tashi juyewa ya fi yawa. A 2017 Christopher Taylor da abokan aikinsa suka fitar da bincike a mujallar Nature daga hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, suka nuna manyan hadura mafiya ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku tun 1982. Wannan ba hasashe ba ne, ya riga ya faru. Su kuwa manhajoji masu manyan gidaje suna da wata tsohuwar cuta: yayyafi suke yi kusan kullum, maimakon irin namu da hadari zai taso da guguwa ya juye cikin awa biyu ya wuce. Hadarin ya fi ƙarfin gidan daransu. Da hukumar yanayi ta Birtaniya ta gwada wata mai gidaje kimanin kilomita 4 da rabi a kan Afirka, wadda ake kira CP4-Africa, sai ta nuna ruwa mai ƙarfi zai ƙaru fiye da yadda masu manyan gidaje suke faɗa, sannan tsayawar ruwa a tsakiyar damina ita ma za ta ƙara tsawo. Ruwa kamar da bakin ƙwarya, sai shiru na kwanaki, sai kuma wani.

To mu dawo da wannan gida, mu aza shi a kan unguwannin masana'antunmu. Ruwan dattin Bompai ta rafin Getsi yake bi ya haɗu da Jakara, ya tafi dam ɗin Wasai a Minjibir. Na Sharada yana bin rafin Salanta ya faɗa Kogin Challawa. Na rukunin Challawa, inda kamfanonin jima suke da yawa, shi ma kogin yake nufa. Kogin nan kuwa shi ne yake haɗuwa da Kogin Kano wajajen Tamburawa, inda matatar ruwan da birni ke sha take, ya wuce Wudil ya nufi Haɗeja. Jimar zamani da sinadarin kuromiyam ake yin ta, kuma malaman jami'o'inmu sun daɗe suna aunawa suna samun sa da sauran ƙarafa masu guba a waɗannan rafukan. A bakinsu kuma ake noman latas da alayyahu da kabeji da karas da ke shigowa kasuwa.

Yanzu ka kawo ruwan nan mai juyewa lokaci guda. Kwata ta cika da leda da yashi, ramin tara ruwan datti ya tumbatsa, abin da ya kwanta a ƙasan lambatu tun rani ya taso ya bi titi, ya shiga gidaje, ya shiga rijiya, ya shiga gona. Sannan ka kawo ɗaya gefen: bazara mai tsananin zafi, ruwa yana ƙafewa da sauri, kogi ya ja baya. Dattin da ake zubawa bai ragu ba, ruwan da zai tsinka shi ne ya ragu. Kamar koko ne, garin yana nan, an rage ruwa, dole ya yi kauri. Kuma a daidai lokacin ne mai lambu ya fi buƙatar ban-ruwa. Ko jimillar ruwan shekara ta ƙaru ko ta ragu, waɗannan biyun suna jiran mu.

Akwai wani abu da injiniyoyi suka sani amma ba a cika faɗa ba. Faɗin kwata da girman kwalbati da lissafi ake fitar da su, daga tarihin ruwan da aka auna a baya: wane ruwa ne mafi ƙarfi da ake yi sau ɗaya a shekara goma, ko ashirin da biyar. Bompai tun kafin 'yancin kai take, Sharada da Challawa ma sun kwana biyu. An auna musu magudanai da ruwan wancan zamanin, lokacin da kewayensu gonaki ne masu shanye ruwa. Yau duk siminti ne da kwalta da kwano. In za a sake gina kwata a 2030 da lissafin 1975, kuɗin jama'a aka zuba a rami.

Nan ne kuma idon kwamfuta ya tsaya. Ko a gida mai kilomita 25, Bompai da Sharada da Challawa za su iya faɗawa gida ɗaya ko biyu. Ba ta san da rufin kwanon da ƙanena ke tsaye a ƙarƙashinsa ba. Ba ta san an sare dalbejiyar bakin titi an yi shaguna ba, ba ta san kwalbatin da ya toshe ba. Ku tuna tela da awo. Kano ta yi sa'a, tana da tarihin awon ruwan sama na fiye da shekara ɗari, kuma tashar NiMet da ke filin jirgin Malam Aminu Kano ita ce madogarar yawancin binciken da ake yi a kan birnin. Amma filin jirgi fili ne, iska na kaɗawa, ana auna zafi a inuwa. Awon filin jirgi ba awon cikin kamfanin roba ba ne. Hukumar yanayi ta duniya, WMO, ta daɗe tana cewa tashoshin awo a Afirka ba su wuce kashi ɗaya cikin takwas na abin da ya kamata ba. Muna so a ɗinka wa birni mai miliyoyin mutane riga da awon kafaɗa ɗaya.

Shi ya sa ni yanzu na sauya abin da nake nema in mun je gaban hukuma. Dashen bishiya yana da kyau, ina yi, amma ya zama abin ɗaukar hoto. Ina so in ga ma'aunin ruwan sama da na zafi da laima a Sharada, a Challawa, a Bompai, masu aiko da lamba kowace awa, kuma a buɗe lambobin kowa ya gani kyauta. Ba abin da ya fi ƙarfin Ma'aikatar Muhalli ko ƙungiyar masu masana'antu ba ne, bai kai kuɗin jeep ɗaya ba. Ɗalibai nawa ne a BUK da jami'ar Wudil suke son yin wannan binciken, kuɗin sayen bayanan yanayi ya kore su? Bayanan CORDEX kuwa kyauta suke a intanet, na Kano ne ke wahalar samu. Abin kunya ne a ce ya fi sauƙi ka san abin da kwamfutar Jamus ta ce a kan Kano ta 2070 da ka san ruwan da aka yi a Panshekara makon jiya.

Sannan duk kwangilar magudana da za a bayar a waɗannan unguwanni, mu tambaya da wane lissafin ruwa aka zana ta, an ƙara mata rarar hadarin gobe ko ba a ƙara ba. Muna da Dokar Sauyin Yanayi tun 2021, ba roƙo muke ba. Su kuma masu kamfanoni, ba sai sun jira 2055 ba. Tagogin sama da zafi zai fita, farin fenti a kan kwano, ruwan sha mai sanyi, hutu a inuwa tsakanin azahar da la'asar a watan Afrilu da Mayu, da matsar da aikin gaban wuta zuwa dare ko asuba. A ɓangaren zafi babu saɓanin da wani zai fake da shi.

Ƙanena ya koma aiki bayan kwana biyu, don in bai je ba akwai mutum goma a bakin get suna jiran gurbinsa. Na saya masa ɗan ƙaramin ma'aunin zafi irin na kanti, yana rubuta abin da ya nuna da azahar da kuma lokacin tashi a bayan wani littafin makaranta. Ba awon masana ba ne, na sani, amma dai an fara. In kana aiki a Sharada, Challawa ko Bompai, ko gidanku na bakin Salanta ko Getsi, ka rubuto mana a ƙasa: wane wata ruwa ya shigo muku, ya kai ina a jikin bango, wane launi ne. 'Yan'uwa mata da ke aiki a kamfanonin leda da na abinci, ku ma muna son jin naku. Za mu tattara, mu kai wa malaman da suka iya lissafin.